ITACEN LALLE: SHUKARSA DA RENONSA A CIKIN GIDA

 

Ran nan a aji na tambayi 'yan mata, wace ce ta taɓa sa lalle? Babu wadda ba ta ɗaga hannu ba. Na ce to madalla, wace ce za ta gaya mani launin furensa? Sai aji ya yi tsit. Can wata ta ce, "Malam, ja ne." Ban ga laifinta ba, don abin da ta sani ke nan a tafin hannunta. Amma furen lalle fari ne. Ƙanana ne ƙwarai, kowane ɗaya da kunnuwa 4, suna fitowa cunkus a kan reshe kamar zangarniya, kuma da almuru ƙamshinsu kan cika gida har maƙwabta su shaida. Akwai irin da furensa ke sirkawa da ja, amma fari shi ne aka fi sani. Abin da ya sa yaranmu ba su san wannan ba shi ne, lallen da sunka sani gari ne cikin leda daga kasuwar Isa ko ta Shinkafi. Itacen kansa ya yi ƙaranci a gidajenmu, alhali kuwa yana cikin itatuwan da sunka fi sauƙin reno a wannan ƙasa tamu ta Gobir.

Asalinsa da sunansa

Lalle itace ne mai daɗewa, ba irin shukar da ake sabuntawa kowace damina ba. In an bar shi ya kan kai tsawon mita 2 zuwa 6. In ana yi masa aski sai ya tsaya gajere ya yi duhu. Manoman da ke nomansa don sayarwa su kan yi shekara 15 ko 20 suna yankan tushe ɗaya. Yana fitowa tun daga gaɓar Bahar Rum, wato Maroko da Tunisiya da Masar, ya bi ta Sudan da ƙasar Larabawa har Indiya. A Tunisiya akwai wani gari a bakin teku ana ce masa Gabis, lallensa ya yi suna a kasuwannin ƙasar. A Indiya kuwa garin Sojat na jihar Rajastan shi ne cibiya, daga yankinsa ne mafi yawan lallen Indiya ke fitowa.

Larabawa suna ce masa hinna'u. Masana harshe suna ganin kalmarmu ta lalle daga nan ta taso, ta biyo ta bakin Buzaye masu cewa anella, kana ta iso gare mu. Wannan ba abin mamaki ba ne ga Bagobiri, tunda kakanninmu ta Azbin sunka gangaro, kuma ayarin raƙuma bai daina haɗa mu da can ba sai kwanan baya. Barebari na cewa nalle, Yarbawa kuma sun karɓa daga gare mu suna cewa laali. A littattafan ilmin tsirrai sunansa Lawsonia inermis. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa a 1753, don girmama abokinsa likita Isaac Lawson. Kalma ta biyu ma'anarta marar ƙaya, amma duk wadda ta taɓa tsinkar ganye a tsohon lalle ta san bakin rassansa na suka. Ƙaramin itace ne ba shi da ƙaya, tsohon yana da ita. Wani abin sha'awa kuma, masana sun sa shi dangi ɗaya da rumman.

Ku da kuke karatun Risala kun riga kun gamu da shi. Shehu Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ta Tunisiya, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya kawo a babin fiɗira cewa rina gashi da baƙi makaruhi ne, amma babu laifi a rina da lalle ko da katam. Ya inganta daga Anas ɗan Malik cewa Sayyidina Abubakar ya kan rina gemunsa da lalle da katam, Sayyidina Umar kuma da lalle zalla. Furen ma yana da nasa suna a Larabci, fagiya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya yi magana kansa a cikin Zadul Ma'ad, ya kawo ruwayoyi 2 masu yabon wannan fure, sa'an nan ya nuna shi ba zai shaidi ingancinsu ba. Ku lura da wannan ladabi na malamai, don yau sai ka ji mai tallar magani yana jingina wa Annabi (SAW) abin da bai san tushensa ba. Shi dai malamin ya ambaci wani amfani da kowa ke iya gwadawa: a sa furen cikin ninkin tufafin ulu, ya ba su ƙamshi ya kore asu.

Wurin da ya dace

Lalle ɗan rana ne. Zafin bazara da ke ƙona mana kayan lambu, lokacin da awon zafi ke wuce 40, shi ne ke ƙara wa ganyensa ƙarfin rini. Don haka kada a dasa shi ƙarƙashin dogonyaro ko a lungun da inuwar ɗaki ke rufewa yini guda. A inuwa zai yi tsawo, ya yi siriri, ganyen ya yi faɗi, amma in an ƙunsa sai a ga kamun bai kai ba, fure kuma sai a yi ta jira.

Ƙasar da ya fi so ita ce mai rairayi-rairayi wadda ruwa ke wucewa, irin jigawar da muke da ita a yawancin gidaje. Laka mai riƙe ruwa ita ce abokiyar gabar ƙaramin dashe. Ni kaina na yi wannan kuskure. Na ga ruwan alwalar yara yana zuba a banza, na ce bari in dasa lalle a daidai wurin. Ashe wurin kwari ne, ƙasar kuma laka. Kafin wata guda ganye ya yi rawaya ya zube, da na tuge sai na tarar saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Dabarar ba ta ɓaci ba, wurin ne ban duba ba. Da na sake, sai na matsa da shi taki 3 daga wurin alwalar, na ɗaga ƙasar kamar kunya, na ja 'yar rariya ta bi ta gefensa. Wannan shi ne wanda kuke gani yau. Ruwan alwala yana da kyau gare shi. Ruwan wanki mai omo da sabulu kuwa a kai shi wani wuri.

Masu gona a fadama, wajen gulaben Bunsuru da Gagare, su dasa shi a gefen tudu, inda ambaliya ba ta kwana. Babban lalle ya kan jure ruwa ya shafe shi ya wuce, ƙarami ba ya jurewa.

Dashen reshe

Hanya biyu ce, reshe ko iri. Na fi ba ɗalibai shawarar reshe, don ya fi sauri, kuma abin da uwar take shi ɗan zai zama. Saboda haka kafin ki roƙi reshe a gidan wata, tambayi ko lallenta na kamu. In kuma fure kike so, je ki lokacin da ya yi fure ki shinshina.

A zaɓi reshen da ya shekara, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, kaurinsa kamar fensir. A yanka da wuƙa mai kaifi, tsawon taƙi guda, wato santimita 20 zuwa 25. A jirkice yankan ƙasa, a bar na sama a miƙe, don kada a manta a dasa shi kai ƙasa. Yara na yawan yin haka, su zo suna cewa ya ƙi. A zage ganyen ƙasa duka, a bar 2 ko 3 a sama. Sai a cika leda ko fasasshen tulu da rairayi kashi 2, tsohon taki kashi 1, a huda ƙasan don ruwa ya fita, a soka reshen har fiye da rabinsa ya shige, a danna ƙasar da yatsa. Ledar fiya wata da ke yawo a titi ta isa wannan aiki. A ajiye a inuwa mai haske, ana yayyafa ruwa yadda ƙasar za ta zauna da danshi ba tare da ta jiƙe sharkaf ba.

Cikin mako 2 ko 3 za a ga toho. A nan ne ake son haƙuri: toho ba shi ne saiwa ba. Reshe na iya fid da ganye da abincin da ke jikinsa alhali ƙasa babu kome. Kada a tuge don a duba. A ba shi kamar mako 6, sa'an nan a fara fito da shi rana da safe, a mai da shi inuwa da hantsi, har ya saba. Kuma a dasa 5 in ana son 3, don ba duka ke kamawa ba.

Shuka iri ta fi wuya kaɗan, amma ga wanda ke son shinge mai tsawo ita ce mafita. Bayan fure lalle kan yi 'ya'ya ƙulu-ƙulu kamar ƙwayar wake, kowane ɗaya cike da ƙananan iri fiye da 30. In sun bushe sun yi ƙasa-ƙasa a murje su. Ɓawon irin yana da tauri, in an watsa shi haka nan kaɗan ne zai fito. Sai an jiƙa shi kamar mako guda, ana sake ruwan kullum, har ya kumbura. Daga nan a gauraya da rairayi a barbaɗa a fangali, a rufe da ƙasa sama-sama, kada a binne. Bayan wata 3 ko 4 ya isa dashe. Na iri ya fi zurfin saiwa, don haka ya fi jure fari daga baya.

Lokacin mai da shi mazauninsa shi ne sa'ad da damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ya sami ruwan sama wata 2 ko 3 kafin kaka. A haƙa rami kamu guda zurfi, kamu guda faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, kuma yana kiran gara. In shinge ake so a bar taƙi 2 tsakanin tushe da tushe. In itace ake so mai fure, a ba shi fili kamar mita 2. A yi dashen da la'asar, a ba shi ruwa nan take.

Reno

Shekarar farko ita ce ta wahala, kuma wahalar ba ta wuce abu 3 ba: ƙishirwa, awaki da gara. Da rani a ba shi buta guda ko 2 bayan kowane kwana 2 ko 3. A kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, don akuya ba ta san sunna ba, toho take gani. Gara kuma a riƙa duba gindin, in an ga ta fara gini a rushe a zuba toka. Wani lokaci ƙananan ƙwari masu tsotsa kan taru a sabon toho su bar danƙo. A daka 'ya'yan dogonyaro cikin hannu guda, a jiƙa a kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Kada a fesa maganin ƙwari na gona a ganyen da za a ɗaura wa mutum a fata.

In ya shekara, ban-ruwa sau ɗaya a mako ya wadatar, kuma a ba shi ya ƙoshi a bar shi ya sha iska, ya fi a riƙa ɗiga masa kullum. Mutane da yawa suna kashe lalle da so. Yawan ruwa da yawan taki na kawo ganye manya masu sheƙi, amma masu nomansa sun daɗe da lura cewa rinin irin wannan ganye ba ya kai na wanda ya sha zafi.

Da hunturu kuma za ku ga ya kaɗe ganye ya tsaya kamar busasshen ƙirare. Ba mutuwa ya yi ba. Lalle ba ya son sanyi, in dare ya yi ɗari sai ya dakata. A ɗan kankare ɓawon da farce, in an ga kore a ciki a bar shi, kada a ce za a farfaɗo da shi da ruwa. Da zafi ya dawo zai tsiro. Na san gidajen da anka sare shi anka sa a murhu a watan Janairu don rashin sanin wannan.

Ganye ko fure

Ga inda mai lalle zai yi zaɓi. Fure a bakin reshe yake fitowa, kuma in itacen ya shiga yin fure da 'ya'ya, ƙarfinsa can yake tafiya, ganye ya ragu. Shi ya sa manoman Indiya ke yanke shi ƙasa-ƙasa da lauje, su bar kututture kamar taƙi guda ko ƙasa da haka, ya sake tsirowa da rassa masu yawa. Wanda ake yi wa haka ba ya samun sukunin fure. Wanda anka bari kuma zai ba da fure da inuwa da iri, amma ganyensa ba yawa. A ganina gida ya dasa 2, ɗaya na aski ɗaya na ƙamshi. Kada a fara askin sai ya shekara. A yanka da kaka bayan ɗaukewar ruwa, in kuma ana ban-ruwa a sake yanka da bazara. Bayan kowane yanka a zuba masa ɗan taki.

Rassan da anka yanka a shanya su a inuwa, a kan tabarma cikin zaure ko rumfa, ana juyawa. Rana na cinye launin ganye ta rage masa ƙarfi. Cikin 'yan kwanaki zai bushe, a kakkaɓe, a tsince itatuwan, a daka, a tankaɗe da rariyar laushi. Garin kirki kore ne mai ƙamshin ɗanyen haki. A zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi a ɓoye daga haske, kuma a daka daidai buƙata, don ganye ya fi gari daɗewa. Furen kuwa a tsinke shi da sassafe. A garin Kannauj na Indiya har turare ake yi da shi.

Me ya sa na damu

Wani zai ce, Malam, duk wannan wahala don abin da ake saye a kasuwa? Dalilina na farko lafiyar ɗiyanmu ce. A ganyen lalle akwai wani sinadari da ake kira lawson, wanda ke kama fata da farce da gashi. Kamunsa a hankali ne. In an kwaɓa da ruwan lemun tsami a bar shi ya tsima, a ƙunsa sa'o'i, ya kan fito ruwan goro, sai bayan kwana 2 ya nuna ya yi ja mai duhu. Ya fi kama tafin hannu da na ƙafa don fatar wurin ta fi kauri. Shi ya sa kakanninmu mata ke kwana da hannu cikin zunguru. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi ƙirin, kuma ba ya kamawa cikin minti 20.

Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, wanda ke kamawa nan da nan, galibi akwai sinadarin rina gashi a ciki mai suna PPD. Ba a yi shi don a zana a fata ba, kuma hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun yi gargaɗi a kansa. Wata za ta sa lafiya lau, sai bayan kwana 4 ko mako guda ko 2 wurin ya yi ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi bororo daidai bisa zanen, wani lokaci ya bar tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, to ya ƙi shi ke nan har abada, ko a rinin gashi ta gamu da shi sai ya tashi. In kuwa ya shiga ciki guba ne mai kumbura maƙogwaro ya lalata ƙoda. Likitocin Khartum ta Sudan sun ba da rahoton yara 31 da anka kai asibiti tsakanin 1984 da 1989 saboda wannan sinadari, 13 daga cikinsu sun rasu. Don Allah iyaye mata, in har yana gidanku, ku ɗauke shi daga inda hannun yaro ke kaiwa. Ko garin kore na kasuwa ma wani ana ƙara masa rairayi ko launi. Zuba kaɗan a kofin ruwa ki motsa: rairayi zai kwanta a ƙasa, in kuma ruwan ya yi kore shar nan take, an sa masa wani abu.

Kada kuma a ɗauka tunda na gida ne ba shi da sharaɗi. Ba a shafa wa jariri lalle. Akwai wani rauni na jini da ake gado, likitoci na ce masa ƙarancin G6PD, yana da yawa ga 'ya'ya maza a ƙasarmu, kuma iyaye ba su cika sanin ɗansu na da shi ba. Irin wannan jariri in an shafe masa jiki da lalle jininsa na iya fashewa, ya yi shawara mai tsanani. An ga haka a asibitocin Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Haka nan kada a sha jiƙon saiwarsa, balle mai juna biyu. Ta wajen hukunci kuwa, launin da ya zauna a fata ba ya hana alwala, sai dai a kankare ƙullun tukuna don ruwa ya taɓa fata. Mai takaba ita ce ba ta sa shi har ta fita.

Dalili na biyu kowa ya san shi. Tun wajen 2019 ƙasar Isa da Sabon Birni ke fama da 'yan bindiga. Gonakin nesa sun zama abin tsoro, mutanenmu da yawa sun bar garuruwansu, wasu har cikin jihar Maraɗi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. A irin wannan hali duk abin da zai tsiro a cikin danga, kusa da ɗaki, ba a rena shi. Tushe 10 a bayan ɗaki ba za su ciyar da gida ba, ban ce haka ba. Amma mace na iya yanka, ta shanya, ta daka, ta auna wa masu biki da masu Salla ba tare da ta taka waje ba, ta sami na gishiri da na allo. Ganyen ba ya ruɓewa kamar tumatir, ana iya ajiye shi a jira kasuwa. Kuma lallen da ya kafu ya yi shekara 2 ko 3, ko tafiya ta kama masu gida wata da watanni, ya kan kaɗe ganye ya jira damina.

Ɗaliban da ke son gwadawa su fara tara leda da tsohon taki tun yanzu, kowa ya nemi izinin iyayensa kan wurin da zai dasa. In ruwa ya zauna za mu yanki rassa daga na bakin wurin alwala, kowane ɗalibi 5, mu dasa tare ran Alhamis da safe. A zo da wuƙa mai kaifi guda ɗaya tak, a hannun babban ɗalibi.